Rijiya Kafin Guga: Zaɓen Modem da Rauta a Gidajen Ƙetaren Kogin Kaduna

Kwanakin baya wani ɗan yayata, ɗalibi a wata babbar makaranta, wanda ke zaune tare da mahaifiyarsa a Narayi, ya zo ya same ni da wani farin akwati a cikin leda, fuskarsa ba walwala. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Kawu, don Allah duba mini wannan abu, ina jin jabu aka sayar mana." Na juya akwatin, na karanta abin da ke rubuce a gindinsa, na ga lafiyarsa lau, ba jabu ba ne, sabo ne fil, kuma mai tsada. Mahaifiyarsa ce ta kwashi adashinta ta ba shi domin ya riƙa karatu a gida, ƙannensa kuma su riƙa gwajin jarrabawar JAMB, wadda tun daga 2015 a kan kwamfuta ake yin ta baki ɗaya. Kuɗin da ya kashe ya zarce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Mai shagon ya ce masa, "Samari, wannan 5G ce, ko a cikin rami ka sa ta za ta kama." Da ya kai ta gida, saurinta bai fi na tsohuwar wayar mahaifiyarsa ba, kuma da zarar an ɗauke wuta sai ta mutu.

Wannan ne ya sa na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a wannan fili, domin abin da ya sami wannan gida yana samun gidaje da yawa daga Barnawa zuwa Sabon Tasha, daga Kakuri zuwa Gonin Gora. Ra'ayin nawa kuwa shi ne, akasarinmu muna fara ciniki daga inda ya kamata mu ƙare. Muna fara zaɓen akwati, sa'an nan mu koma neman sabis ɗin da zai ci da shi, can daga baya kuma mu tuna da maganar wuta. Hausawa kan ce rijiya ta bayar guga ya hana. To, a nan sau da yawa gugan ba shi da laifi, rijiyar ce ba a leƙa ba kafin a saye shi.

Modem daban, rauta daban

Bari mu fara da rarrabe abu biyu da 'yan kasuwa kan haɗe su a suna ɗaya. Modem ita ce na'urar da ke magana da kamfanin sadarwa. Aikinta shi ne ta ɗauki bayanan kwamfuta, waɗanda duk lambobi ne na sifili da ɗaya, ta ɗora su a kan wani abin da zai iya tafiya nesa, ko dai igiyar rediyo, ko wutar da ke bin waya, ko haske, sa'an nan ta sauke waɗanda suka zo daga can ta mayar da su lambobi. Waɗanda suka yi zamani da wayar NITEL za su tuna da modem mai kuka kamar gyare, wadda ko a ƙarshen shekarun 1990 iyakar gudunta kilobit 56 a daƙiƙa. Rauta kuwa ba ruwanta da kamfani. Ita mai rabo ce a cikin gida: ta karɓi hanya ɗaya daga modem, ta raba wa wayoyi da kwamfutoci da talabijin, ta ba kowanne adireshinsa, ta kuma tabbatar amsar da ta zo ta isa ga wanda ya yi tambayar. Idan ta yi wannan rabo ta iska, ba tare da waya ba, shi ne ake kira Wi-Fi.

Akwatin da ake sa wa layi a ciki, wanda ya fi yawa a gidajenmu, ya ƙunshi duka biyun a jiki ɗaya. Don haka yana da kunne biyu: ɗaya yana sauraron turken sadarwa da ke can nesa a unguwa, ɗaya yana sauraron wayar da ke hannunka. Mutum kan duba wayarsa ya ga alamar Wi-Fi ta cika fal, amma shafi ya ƙi buɗewa, sai ya rasa dalili. Dalilin shi ne alamar nan ba ta gaya masa komai game da tazarar akwati da turke, tazararsa da akwatin kawai take aunawa, wadda ba ta fi taku biyar ba.

Shawarar da aka rubuta don wata ƙasa

Wanda ya nemi shawara a rubuce-rubucen Amurka zai tarar rabin maganar a kan modem na kebul take. Ya kamata mai karatu ya san asalin wannan, don kada ya ruɗe. A Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai, an daɗe da ja wa gidaje wayar talabijin mai jan ƙarfe a tsakiya, tun kafin zuwan intanet. Da intanet ta zo sai kamfanonin suka ga ga hanya a shimfiɗe, aka fito da ƙa'idar da ake kira DOCSIS a 1997 don a riƙa tura bayanai ta cikin wannan waya, aka inganta ta zuwa 3.0 a 2006 da 3.1 a 2013. Mu kuwa talabijin ɗinmu ta iska ta zo mana, ta eriya da faranti, daga NTA har zuwa DStv da StarTimes da GOtv. Babu irin waccan waya a bangon gidajen Barnawa ko Ungwan Romi da ke kaiwa ga wani kamfani. Saboda haka modem na kebul, komi kyanta, komi sunan kamfanin da ya ƙera ta, a nan ba ta da bakin da za ta sha.

Na faɗi haka ne domin irin waɗannan na'urori suna shigowa cikin kayan hannu da ake kawowa daga waje, kuma ana shimfiɗa su a kasuwa tare da sauran. Alamarta mai sauƙi ce: a bayanta akwai wani ɗan baki zagayayye mai zare, irin wanda ake ɗaura wayar faranti, kuma babu ramin sa layi. Wanda ya ga haka ya ajiye ta ya wuce.

Rijiyoyin da muke da su

Hanya ta farko, wadda kusan kowa ke bi, ita ce ta kamfanonin wayar salula. Tun da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na 2001, Glo ya biyo baya a 2003, Etisalat a 2008, ta wannan hanya Nijeriya ta tsallake zamanin wayar ƙasa, wanda ya ƙare ba a kai layi rabin miliyan ba a ƙasar baki ɗaya. Abin da mai saye ya kamata ya fahimta shi ne, kowane kamfani yana aiki a zangon da hukumar NCC ta ba shi lasisi. Masu sauraron rediyo sun san wannan tun da daɗewa: tashar da ke kan mita 49 ba a kama ta a mita 16. Haka nan 4G. Glo ya fara tasa a zangon megahaz 700, MTN yana da 800 da 1800 da 2600, Airtel ya fara a 1800. Akwatin da aka ƙera don kasuwar wata ƙasa yana iya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, kuma babu dabarar mai gyara da za ta ƙara masa shi.

Bambancin zangon ba na suna ba ne kawai. Igiyar megahaz 700 tsawonta wajen santimita 43 ne, ta 2600 kuwa bai kai santimita 12 ba. Mai tsawon takan yi nisa, ta kewaye gini, ta ratsa bango, amma fili a zangonta kaɗan ne, don haka ba ta ɗaukar kaya da yawa. Gajerar takan ɗauki kaya mai yawa, amma ta gaji da wuri. Ita 5G da aka yi gwanjon lasisinta a watan Disamba na 2021, inda MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6, a zangon megahaz 3500 take, tsawon igiyarta bai kai santimita 9 ba. MTN ya fara ta a 2022 da birane bakwai, Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri, Airtel ya biyo baya a 2023. Ko a garin da ta sauka, titi-titi take zuwa, ba gari-gari ba. Abin da ya sami ɗan yayata ke nan. Akwatinsa ya iya 5G, amma a layinsu ba ta iso ba, sai ya koma 4G kamar kowane akwati mai kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa.

Hanya ta biyu ita ce zaren fayiba, watau siririn gilashi da ke ɗauke da bayanai ta hanyar haske. Idan har ya biyo ta ƙofar gidanka, ni dai ban ga abin tsayawa shawara ba. Ba ya damuwa da bango ko ruwan sama ko tsawa, kuma cunkoson yamma bai cika taɓa shi ba kamar yadda yake taɓa turke. Kamfanin ne zai kawo ƙaramin akwatin da ke mayar da haske lambobi, wanda shi ne makwafin modem a nan, ba a kasuwa ake sayen sa ba. A 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta yafe kuɗin da ake karɓa kan kowace mita ta ramin binne irin wannan zare, a lokacin da matsayar da jihohi suka cimma ita ce Naira 145. Mataki ne mai kyau, amma kamfani yakan bi inda yake ganin masu biya, shi ya sa unguwannin masu hali kan riga samu. Babban abokin gabar zaren kuwa shi ne katafila: duk inda ake aikin titi ko magudanar ruwa, to, a shirya wa katsewa.

Hanya ta uku ita ce Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinta suna shawagi a nisan wajen kilomita 550, maimakon kilomita 35,786 na taurarin talabijin, shi ya sa amsarta ba ta jinkiri sosai. Tana da amfani ga makaranta ko asibiti ko gona a bayan gari, wajen Kujama ko hanyar Kachia, inda turke ya yi nisa. Ga gidan malamin makaranta a Television kuwa, tsadar farantin da kuɗin wata da cin wutarta sun fi ƙarfin buƙata.

Akwai kuma abin da babu akwatin da zai yi maganinsa. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a Afirka ta Yamma, har bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Kafin nan, daga ƙarshen Satumba na 2021, an rufe sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna kusan wata biyu saboda matsalar tsaro. A irin waɗannan ranaku mai akwatin tsada da mai na araha duk zaune suke.

Auna kafin ka biya

Tun da sabis titi-titi yake bambanta, har ma ɗaki-ɗaki, babu mai shago a ƙetaren gada da zai iya gaya maka kamfanin da ya fi ƙarfi a tagar ɗakinka a Ungwan Pama. Sayen akwati kafin a auna cinikin biri a sama ne. Abin farin ciki shi ne awon ba ya cin kuɗi. A ari wayoyi masu layukan kamfanoni daban-daban daga 'yan gida ko maƙwabta, a tsaya a daidai inda za a ajiye akwatin, a gwada sauri da ɗaya daga cikin manhajojin gwaji na kyauta. A yi da safe, a yi da rana, amma wanda ya fi muhimmanci shi ne na tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma na dare. Turke kamar famfon unguwa yake, ruwansa raba shi ake yi tsakanin duk wanda ya kawo bokiti a lokacin. Saurin da ka gani da asuba, sa'ad da Sabon Tasha ke barci, ba shi za ka gani da dare ba. A maimaita kwana uku ko huɗu, a rubuta a takarda.

Ga ɗalibai da masu son zurfafawa, akwai lambobi biyu da suka fi sandunan da ke goshin waya gaskiya. Ana samun su a cikin saitin waya ko a shafin akwatin. Ta farko RSRP, ita ce ƙarfin siginar da ke isowa, kuma da alamar ragi ake rubuta ta: -80 ko sama da haka mai kyau ne ƙwarai, -100 ya fara rauni, -110 kuwa sai haƙuri. Kada ƙanƙantar tazarar ta yaudari mutum, domin ma'aunin ba na ƙirgen yau da kullum ba ne. Duk ragin 3 rabin ƙarfi ne ya tafi, duk ragin 10 kuwa kashi ɗaya cikin goma ya rage. Watau tsakanin -80 da -100 bambancin ninki ɗari ne. Ta biyu SINR, ita ce ke nuna yadda siginar ta fi hayaniyar da ke kewaye da ita: 20 ko fiye madalla, ƙasa da 5 wahala. Sau da yawa wannan ta biyun ce ke bayyana dalilin da sanduna suka cika amma aiki ya ƙi ci.

A nan ne kuma za a ga wata sarƙaƙiya da ke cikin akwati mai haɗe da modem da rauta. Kunnensa na waje yana son bakin taga mai fuskantar turke, a sama, nesa da ƙarfe. Kunnensa na ciki kuwa yana son tsakiyar gida. Gidajenmu na bulon siminti ne, da rodi a ginshiƙi, da ƙarafunan tsaro a taga, da kwano a sama, ga tankin ruwa, kuma duk waɗannan suna shanye igiyar rediyo ko su mayar da ita baya. A ƙaramin gida mai ɗaki biyu da falo, a ba taga fifiko, shi ke nan. A babban gida ko mai bene, na fi ganin a raba aikin biyu: akwatin layi a taga, ko ma irin wanda ake kafawa a waje a kan sanda, sa'an nan a ja waya daga gare shi zuwa rauta mai sauƙin kuɗi a tsakiyar gida. Irin wannan waya takan kai mita 100 ba tare da raguwa ba. Wani amfanin rabawar shi ne, ranar da aka sauya kamfani ko fayiba ta iso, rautar tana nan daram.

Maganar wuta

Da za a tambaye ni abin da ya fi kashe intanet a gidajen Kakuri da Makera da Nasarawa, ba zan ce sabis ba, zan ce wuta. Ba sai an tuna wa kowa da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar layukan dakon wuta, har da na Shiroro zuwa Kaduna, ta bar yawancin Arewa cikin duhu kwana da kwanaki. Ko ba wannan, ɗauke wutar yau da kullum ta isa. Amma abin mamaki, ba kasafai mai saye kan juya akwati ya karanta cinsa ba.

Lissafin ba wuya. Akwatin 4G na gida yakan ci wajen wat 5 zuwa 12, kuma akasari da bolt 12 yake aiki. Na 5G ya fi haka ci. Farantin Starlink na gida kuwa yakan ci tsakanin wat 50 zuwa 100. A ɗauka akwatinka wat 10 yake ci, kana kuma son ya yi awa 10 babu wuta, to, kana buƙatar ma'ajiyar da ta kai wat-awa 100. Ƙaramin batirin nan da ake sayarwa don rauta, wanda aka rubuta masa 10,000 mAh, idan aka lissafa da bolt 3.7 na ƙwayoyin da ke cikinsa, wat-awa 37 ke nan, watau awa uku da ɗoriya bayan an cire asara. Ba laifi ba ne, amma mutum ya san abin da ya saya. Tayar da janareta don akwatin wat 10 kuwa ɓarnar mai ce tsantsa. Ga ɗalibi ko mai ɗaki ɗaya, ƙaramar na'urar aljihu mai batirinta a jiki, wadda aka fi sani da MiFi, sau da yawa ta fi babban akwati dacewa, in dai an san eriyarta ƙarama ce, kuma barin ta a caji dare da rana cikin zafin bazara yana kumbura batirin. A lokacin damina kuma, sa'ad da tsawar Kaduna ta fara, a zare daga soket, musamman idan akwai eriya a waje. Haka nan wanda ya sayi na hannu ya duba cajar, ya tabbata an rubuta 100 zuwa 240, domin wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120.

Lambobin da ke jikin kwali

Sai yanzu muka iso ga akwatin kansa, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Ƙa'idar Wi-Fi ta farko ta fito a 1997 da megabit 2 a daƙiƙa, aka bi ta da wasu, har zuwa wadda ake kira Wi-Fi 4 a 2009, Wi-Fi 5 a 2013, Wi-Fi 6 a 2019, da Wi-Fi 7 a 2024. Idan abin da ke shigowa gidanka daga turke megabit 20 ne, rautar da ta iya dubu ba za ta ƙara maka ko ɗaya ba. Babbar lambar da ake bugawa a kwali ma haɗe-haɗe ce: wadda aka rubuta wa AC1200, an tara 300 na zango ɗaya da 867 na ɗayan ne aka cike, kuma akasarin wayoyi ba sa amfani da duka biyun a lokaci guda. Yawan ƙahonin eriya shi ma ba ma'auni ba ne.

Abu uku ne na ga sun cancanci a biya musu kuɗi. Akwatin ya zama mai zango biyu, gigahaz 2.4 da 5. Na 2.4 ya fi ratsa bango, amma hanyoyi uku kacal yake da su da ba sa hawa kan juna, ta 1 da ta 6 da ta 11, don haka a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu a Television, inda kowa ke da tasa na'urar, kamar kasuwa yake ranar ci. Na 5 bai kai shi nisa ba, amma fili gare shi. Na biyu, modem ɗin da ke ciki ta zama aƙalla mai daraja ta 6, wadda ke iya haɗa zango biyu na turke a lokaci ɗaya, maimakon ta 4 da ke kama ɗaya. A wurin cunkoso bambancin a bayyane yake. Na uku, ga mai jiran fayiba, ramukan wayar da ke baya su zama na gigabit, domin akwai rautoci masu araha da ramukansu ba su wuce megabit 100 ba.

Kulle da "ba iyaka"

Ga inda nake da ƙorafi, kuma ba ga mai saye ba. Akwatunan da kamfanonin sadarwa ke sayarwa da sunansu, akasarinsu a kulle suke, ba sa karɓar layin wani. Na san hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: sun karya farashin akwatin, wani lokaci har da kyautar data, don haka suna son su mayar da kuɗinsu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma tun watan Afrilu na 2013 NCC ta ba mu damar ƙaura da lambarmu daga kamfani zuwa kamfani, bisa hujjar cewa gasa ce ke gyara aiki. To, ina amfanin 'yancin lamba idan akwatin da aka biya kuɗinsa ya zama fursuna har abada? Iyalin da suka tashi daga Barnawa suka koma Kamazou, inda wani kamfanin ya fi ƙarfi, sai su sake sayen wani. A ganina kullen ya zama na wa'adi, shekara ɗaya alal misali, bayan nan a buɗe kyauta. Kafin a kai ga haka, wanda ke da hali ya ƙara kuɗi ya sayi buɗaɗɗe mai shaidar amincewar NCC. Buɗewar bayan fage da masu gyara ke yi takan lalata garanti, wani lokaci ta lalata na'urar.

Na biyu shi ne kalmar "ba iyaka" da ake tallata wasu tsare-tsaren data da ita, alhali a ƙasan takarda, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa bayan an sha gigabait kaza za a rage sauri. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na farashin kira da data a watan Janairu na 2025, kuɗin wata-wata ya zama shi ne ainihin tsadar intanet a gida, ba akwatin ba. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi: bit takwas ke yin bait ɗaya, don haka bidiyon da ke gudu a megabit 5 a daƙiƙa yana shan gigabait 2 da kwata a awa ɗaya. Gidan da ake kallon awa uku kowace rana ya haura gigabait 200 a wata, ba a sa karatun yara ba. Kuma yawan sauri yakan ƙara sha, domin manhajojin bidiyo da kansu suke ɗaga ingancin hoto idan sun ga hanya a buɗe. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Ban ga abin da zai hana a buga iyakar data, da saurin da za a koma bayanta, da zangunan da akwati ke kamawa, a gaban kwali da manyan baƙaƙe ba, da Turanci da Hausa. Wanda kuma kamfani ya ƙi sauraron kokensa yana iya kiran NCC kyauta a lamba 622.

Mu ma a makarantu akwai namu. Kwalejin Nazarin Muhalli ta Kaduna Polytechnic a Barnawa take, da ɗalibanta masu koyon safiyo da zanen taswira, ga kuma ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Jihar Kaduna. Aikin kammala karatu guda ɗaya, na auna RSRP da SINR da saurin dare na kowane kamfani titi-titi a Narayi ko Ungwan Sunday, a buga shi inda jama'a za su gani, zai fi amfani ga magidanta fiye da kundaye da yawa da ƙura ke ci a kanta.

Ranar farko da aka kunna akwati, akwai aikin minti goma da bai kamata a ɗaga ba. Kalmar sirri biyu ce a jikinsa: ta shiga Wi-Fi, da ta shiga shafin saitinsa, wadda sau da yawa daga masana'anta iri ɗaya ce a dubban akwatuna. A sauya duka biyun. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗaruruwan dubban na'urori a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi na masana'anta kawai. A zaɓi tsaro na WPA2 ko WPA3, kada a yarda da WEP, wanda aka karya tun 2001, a kuma kashe WPS, wanda aka gano rauninsa a 2011. Idan za a ba maƙwabci ko baƙo, kamar yadda zaman tare ya gada, a buɗe masa ƙofar baƙi da yawancin rautoci ke da ita, a iyakance masa sauri.

Shi kuwa ɗan yayata, shagon ya ƙi karɓar kayan tun da an buɗe kwali. Da na je gidan na tarar ya ajiye akwatin a ƙasa, bayan talabijin, a ɗakin da bangonsa ke jingine da na maƙwabta. Muka ɗauke shi muka ɗora a kan kanta kusa da tagar falo, RSRP ya tashi daga -108 zuwa -94, watau ƙarfin ya ninka fiye da sau ashirin. Da yake buɗaɗɗe ne, muka gwada layuka uku dare huɗu a jere, muka zaɓi wanda ba shi ne suka saba saye ba. Saura batir, wanda mahaifiyarsa ta ce sai an kwashi adashi na gaba.